Wankin Garka

Claire: Alo? Malam Célestin? Kana ji na?

Célestin: Claire! Ina ji, kamar daga bayan dutsi. Ina wuni?

Claire: Lahiya lau. Ina gajiya? Ina Yamai?

Célestin: Yamai sai zafi. Ina mutanen Kiéché? Ina Baba Hilaire? Yayarki Marguerite da nauyin jiki?

Claire: Duk lahiya, watanta ya kama. Ka san tun da na taso zuwa gidan waya nake tuna ranar da na fara ganinka cikin garkar Baba? Kana murɗa ƙarfenka na ma'aikatan gona, kana ɗura ƙasa cikin 'yan jikkuna. Na ce wa Marguerite, zo ki ga ɓarawon ƙasa da takalmin boko... Célestin? Ba ka yi dariya ba.

Célestin: Awon ƙasar ya fito, Claire.

Claire: To?

Célestin: Abin da na ji tsoro ne. Tanon maganin fara, duron nan da Annasara sunka binne bayan shingenku ya ruɓe. Dafin, arsenik ake ce mishi, ya shiga garkar.

Claire: Wayyo Yesu.

Célestin: Tsaya, da sauran sauƙi. Kin san abin da ya sa ƙasarku ja? Tsatsar ƙarfe ce cikinta. Tsatsar nan ta kama dafin kamar yadda ƙarangiya ke kama zane, ta hana shi gangarawa rijiya. Muddin ƙasar tana shan iska, tana nan ja...

Claire: Ai ba ta da ja yanzu.

Célestin: Mi kika ce? Waya na ƙara.

Claire: Na ce jan ya fita! Baba ya wanke ta.

Célestin: Ya wanke mi?

Claire: Garkar. Da ka ce kana zaton dafi, sai ya ce ai haka ake yi wa fadama in kanwa ta taso mata, a sakar mata ruwa ya kwana ya kwashe. Ya yi gayya, anka yanko tabki, anka tare bakin. Tun tsayuwar wata ruwa ke kwance ciki. Jiya ya tona da hannu, ƙasar ta koma toka-toka. Har ya sa munka yi waƙar godiya.

Célestin: Ya Ubangiji. Claire, in ruwa ya kwanta ya toshe iska, tsatsar narkewa take yi. In ta narke, duk abin da ta riƙe sai ta sake shi.

Claire: Ya tafi ina?

Célestin: Ƙasa. Inda ruwa ya bi.

Claire: Rijiya.

Célestin: Wa ke sha?

Claire: Mu duka. Marguerite ta fi kowa, ta ce ruwan ya yi ɗanɗanon ƙusa, cikin nata ma shi yake so. Da Sanusi Bafillatani, can yake shayarwa. Akuyoyinshi sun fara zawo, mutane na cewa doguwa ce ta gitta musu.

Célestin: Ba doguwa ba ce. A bar rijiyar nan yau. A cike ta, don in an rufe da kara wani zai buɗe.

Claire: In an janye ruwan, jan ba ya dawowa?

Célestin: Zai dawo bisa. Abin da ya sauka ya sauka.

Claire: Da farcenshi Baba ya gina rijiyar nan, shekarar da Inna ta rasu. Ka san abin da ya ce? In bakinka ya kashe mishi garka, kar danginka su sake kawo goro ƙofarshi. Baba ba ya mai da magana.

Célestin: To ki yi shiru, kar ki sa kanki. Ni zan zo da takardar serwis ɗinmu na aikin gona, ya yi fushin da gwamnati.

Claire: Yaushe?

Célestin: Ruwa ya yanke hanya bayan Dosso. Mota sai mako mai zuwa, in ta samu wucewa.

Claire: Kuma Marguerite ta yi ta sha har mako mai zuwa? Ko na hana ta, Baba zai jawo ya ba ta da hannunshi, don a ga ruwanshi lahiya lau.

Célestin: In kika taɓa rijiyar, zai san maganata kika bi. Shi ke nan mu.

Claire: Na sani. Na riga na ɗinka zanen auren, ka sani? Ban gaya maka ba.

Célestin: Claire...

Claire: Issa mai waya na ɗaga mini hannu, wai kumandan, Baturen mulki, na son layi. Saurara, Célestin. Ban taɓa ce wa Baba a'a ba tun da anka haife ni. Na yi alkawari gaban Allah, kafin rana ta faɗi zan tsinke igiyar guga, in fara zuba duwatsu da hannuna, yana kallo. Ka ji? Alo? Célestin?