Kemis Ɗin da Bai San Uwata Ba

A ɗakin jira na wani asibiti a Townsville, wani dattijo ya dubi matashin da ya fito daga wurin gwaji yana murmushi.

"Samari, da alama sakamako ya yi kyau."

"Lafiya lau, baba, babu ƙanjamau. Har ƙwayar rigakafi suka ba ni. Bari in kira saurayina, ko karyawa bai yi ba."

"Daga ina, da wannan jar ƙasa a takalmi?"

"Hughenden."

"Duk wannan nisa? Ba ku da kemis ne?"

"Ɗaya ne tak, kuma mai shi cocinsu ɗaya da mahaifiyata. Likita ta tambaye ni me maza irinmu suka fi buƙata a karkara. Na ce kemis ɗin da bai san uwata ba."

Dattijon ya ƙura masa ido. "Wannan hancin na san shi. Kai ɗan Noelene ne?"

Murmushin matashin ya ɗauke.

"Kwantar da hankalinka, ajinmu ɗaya da ita. Ranar da na bar garin saboda wani namiji, ita kaɗai ta raka ni tasha, har da guzuri. Kira saurayin naka. In ka gama, ka kira ta."