Ƙwaryar Gumba da Gadon Ruwa

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Ubangijinmu. Salamarsa ta sauka a kan kowane gida da ke nan. Sunana Illa, daga wani ƙauye a ƙasar Keita. Fasto ya daɗe yana ce mini in tashi in ba da shaida, ni kuwa ina ta zillewa, don labarin ba mai daɗin ji ba ne. Yau dai ga ni. In muryata ta karye, ku yi mini haƙuri.

A gindin garinmu akwai gulbi. Da rani yashi ne zalla, jakuna ke birgima a ciki. Da damina kuwa sai ya cika, kuma tun da aka yi madatsa a can ƙasa, ruwan yakan kwanta ya yi faɗi, yana tafiya a hankali. A nan ni da ƙanena Sani muka sami sana'a. Mukan samo robar cikin tayar babbar mota, mu hura, mu ɗaure huɗu wuri guda, mu shimfiɗa katako da tabarma a kai. Gadon ruwa muke ce masa.

Ranar kasuwa mu ƙetarar da mutane da kajinsu. Ranar hutu da bayan Salla kuwa ma'aikata ke zuwa daga Madawa da Buza da iyalansu, don shan iska kawai. Ni a gaba da igiya a ƙugu, ina laluben ƙasa da ƙafa, Sani a baya yana turawa yana ba yara dariya. Sai ka ga babban mushe, wato malamin makaranta, wanda 'yan lakwal, ɗalibansa, ke rawar jiki in ya yi tari, ya ƙanƙame hannun matarsa yana salati a ruwan da bai wuce cibiyata ba. Sani ya ce masa, "Mushe, saki Madam, ba ta tahiya ko'ina!"

To, gidanmu akwai wata al'ada tun kakanni. Duk shekara, in ruwan fari ya sauko, Inna takan daka gumba ta zuba a sabuwar ƙwarya, ɗan fari ya kai bakin gulbi ya zuba wa masu ruwa, don su bar mu mu shiga mu fita lafiya. Inna tana salla, amma wannan ba ta taɓa bari ba. Ni ne ɗan farin. Kun kuwa san kunyar ɗan fari. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai" take ce mini, ko ta ce wa Sani, "Ina wancan?"

Shekarar da na karɓi Yesu, ruwan fari ya sauko, ta miƙo mini ƙwarya. Na durƙusa na ce, "Inna, ki gahwarce ni, bana ba ni zubawa." Ta dube ni, ta dube ni, ta mayar da ƙwaryar ɗaka. 

A cikin wannan daminar abin ya faru. Rana tsaka ce, sama garau, ko ɗigon hadari babu. Muna ɗauke da wani mutum da matarsa da 'ya'yansu. Ashe an yi ruwa mai yawa a can kan duwatsu, mu ba mu sani ba. Sai muka ji ƙugi kamar babbar mota na gangarowa. Sani ya yi ihu, "Yaya, ruwa na zakkuwa! Ja!"

Na ja har jijiyar wuyana ta tashi. Na kai ga wata bagaruwa na naɗe igiya. Gadon ya juya zai kife, Sani ya sa ƙirji ya tunkuɗa shi gaɓa. Yaran nan duka sun fita, ko takalmi bai ɓata ba. Na waiga in ce masa sannu, sai na ga jan ruwa da itatuwa. Babu Sani.

Wayyo, 'yan'uwa! Washegari aka tsince shi a gonar wani, nesa da gari, laka ta rufe masa fuska.

A wurin zaman makoki, a gaban mata, Inna ta nuna ni da yatsa ta ce, "Kai kac ci shi. Ƙwarya guda suka biɗa, ka hana su, sunka ɗauki ɗiyana." Daga ranar ta daina cin duk abin da ya fito daga hannuna. In matata Hannatu ta kai mata tuwo, yadda ya tafi haka yake dawowa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a ɓoye na soma yarda da maganarta. A baki ina cewa Yesu ya fi ƙarfin iskoki, a zuci ina cewa, to in Inna ce ke da gaskiya fa? Tsoron ruwa ya kama ni. Ni da na girma a gulbi, sai ga shi ko wanka zan yi, in na kwara ruwa a ka, numfashina ya ɗauke. Na sace iskar robobin nan na jefa su bayan rumbu. Na daina zuwa sujada. In an yi cida, wato tsawa, in shige ɗaki in toshe kunne kamar ƙaramin yaro. Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce, ina nan kamar gawar da ta ƙi rami. Hannatu kaɗai ke addu'a a gidan, ni ko amin ba na iya cewa.

Sai wata safiya, a tsakiyar damina, ciwon ciki ya kayar da Inna. Amai har da jini. Likita kuwa, wato ɗan asibitin yankinmu, tana ƙetaren gulbi, can ne kuma hanyar motar Madawa. Ruwa ya kwana yana sauka, gulbi ya cika fal, babu babur ko amalanken da zai shiga. Tun rasuwar Sani kuma ba wanda ya sake ɗaura gado a garin.

Kawu Alu, ƙanen Inna, ya zo ya tsaya a ƙofata. Ya ce, "Illa, tashi. In ba ka ƙetarar da ita ba, yau muna bizne ta."

Na jawo robobin, na liƙe inda ɓera ya ci, muka hura, muka ɗaure. Aka kwantar da Inna a kai, Hannatu ta tallafe mata kai. Na ɗaura igiya a ƙugu, na sa ƙafa ɗaya a ruwa, sai jikina ya ƙi. Ƙafar nan kamar an dasa ta.

Sai ga Kawu da ƙwaryar gumba. Ya ce, "Amshi ka zuba, ɗana. Mi za shi rage ka? Uwarka ta." Inna na kwance, idonta a kaina.

Ba zan ɓoye muku ba, hannuna ya ɗaga. Amma na san in na zuba, na amsa ke nan cewa ni na kashe Sani, kuma har in mutu bawan ruwan nan ne ni. Na durƙusa a cikin laka na fashe da kuka. Ban yi doguwar addu'a ba. Na ce, "Yesu, ni dai tsoro nika ji. Ba ni da komi sai kai. In kai ad da ruwan ga, riƙa ni."

Ruwa bai ragu ba, ƙuginsa ma bai ragu ba. Amma dutsen da ya danne mini ƙirji tun ranar Sani, sai na ji an ɗauke shi. Na ja numfashi har ƙasan ciki. Haleluya! Na miƙe na ce, "Kawu, aje ƙwaryar." Ya dube ni, ya ajiye ta a kan yashi, ya naɗe wandonsa, tsoho da shi, ya kama bayan gado inda Sani yake tsayawa.

Muka shiga. Ruwa ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. A tsakiya, daidai inda ya fi ja, yashi ya zame a ƙarƙashina, na nutse. Na sha ruwa, na rasa gabas da yamma. Da kaina ya ɓullo, sai na ji wata murya da ƙarfin da ban san mara lafiya na da shi ba:

"Illa! Illa! Tashi, ɗana! Kak ka bar ni kai ma!"

Inna ce. A gaban ƙanenta, a gaban surukarta, ta kira sunana. Ƙafata ta sami ƙasa. Na ja, Kawu ya tura, muka fita.

Ina so in ce muku ta warke, amma a gidan Ubangiji nake, ba zan yi ƙarya ba. A Madawa suka ce ciwon ya riga ya yi nisa. Ba ta ga kaka ba. Ban kuma ji ta ce ta karɓi bangaskiyata ba, wannan tsakaninta da Mahaliccinta ne. Amma a kwanakin nan na asibiti, ba ta yarda kowa ya ba ta kunu sai ni. Wata rana tana sha ta riƙe mini yatsa ta ce, "Ba kai na ba. Kwanansa na ya ƙare." Ba ta sake kiran sunana ba, kunyarta ta dawo. Na ranar nan ya ishe ni.

Na koma gulbi. Yanzu kafin in ɗauki kowa sai na buga waya ƙauyukan kan dutse na ji ko an yi ruwa, sannan in yi addu'a in shiga. Har yau in yaran baƙi suna dariya a kan gado nakan waiga baya, in ga ba Sani ba ne. Wannan ciwon yana nan. Tsoron ne ya tafi.

Na gode wa Yesu da ya ɗaga ni daga laka. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kai ma kana tsaye a bakin naka ruwan, ƙafa ta ƙi ɗaguwa, kada ka jira sai ruwan ya janye. Kira shi a yadda kake, da tsoron naka duka. Ni ɗin nan da kuke gani, haka na kira shi, ya kuwa riƙe ni. Amin.