Tuzuran Farkon Duniya

A bencin jiran likitan haƙori na ji hirar wani saurayi da wata budurwa. Shi yana dafe da kunci, ita tana bitar laccarta ƙasa-ƙasa.

"Malama, tun ɗazu kike cewa sun ƙone. Su wa?"

"Ƙananan ƙwayoyin da ake gina komai da su. A farkon duniya kowace tana da abokiya mai akasin halinta. Da sun haɗu sai su ƙone, su zama haske."

"Duka?"

"Ban da 'yan kaɗan da suka rasa abokai. Daga su aka samu taurari, da mu, har haƙorin nan naka."

"Ikon Allah! Ashe tuzurai ne ke riƙe da duniya! Zo ki faɗa wa Innata, ta hana ni sakat da maganar aure."

"Riƙewa kam aikin wani abu ne da ba a gani, sai dai a ji jansa."

"Ai Innar ce! Tana nesa, amma ina jin ta. Ke fa, an samu abokin?"

"Tukuna."

"To matsa can, kada mu ƙone."

Ta yi dariya, ba ta matsa ba. Da aka kira shi, sai ya ce wa wani tsoho ya fara shiga.