Malam Yusha'u Bakoji da Littattafan da Ba a Ara

Da sunan Allah Mai rahama nake farawa. Wakilin Mai Martaba Sarki, Ranka ya daɗe Hakimi, malamanmu limamai da fastoci, Hajiya Muslimat uwar gida da 'ya'yan marigayi, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ni ce Huraira, abokiyar aikinsa a laburare. Na daɗe ina tambayar kaina ko na cancanci tsayawa nan, domin yabon mamaci amana ne, ƙari a cikinsa ƙarya ne. Abin da na gani kaɗai zan faɗa.

Ya kasance mai ilimin da ya ƙetare teku ya nemo. Ya kasance mai horar da matasanmu aikin laburare da adana takardu, a zauren gidansa, kyauta. Ya kasance yana tilasta musu kwasa-kwasan ƙasashen waje ta intanet, ko da sai sun hau tudu neman sabis.

Wata shekara ɗalibansa biyu, Timothy da Patience, suka koyo wata ƙa'ida a irin wannan kwas: littafin da aka daɗe ba a ara ba, a sauke shi daga kanta. Suka bi ƙa'idar da gaskiya, suka tara littattafan noma da na kiwo na Hausa a buhu.

Malam ya shigo ya ce, "Timothy, masara ka fara saye ne?"

"Baba, ba mai aron su. Kwamfuta ta nuna."

"Buɗe ɗaya ka shinshina."

Timothy ya shinshina ya ce, "Wallahi ƙuli-ƙuli!"

Gefen shafukan ya yi baƙi da yatsu. Manomin garin Kuyello ba ya aron littafi ya bi dajin nan da shi, tsoron kada ya salwanta a hannunsa. Ranar kasuwa yake zuwa, mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, saura su saurara. Malam ya ce musu, "Ƙa'idar ba ta yi ƙarya ba, amma ba a san da mu ba lokacin da aka rubuta ta. Ku koye ta, sannan ku dubi mutanenku."

Jama'a, ga damuwarmu. Wanda duk Malam ya horar, duniya sai ta gan shi ta kira shi. Na tambayi kaina, muna da hakkin riƙe su? Ba mu da shi. Amma idan zauren nan ya rufe, 'ya'yanmu za su koyi aikin daga waɗanda ba su taɓa jin sunan ƙauyukanmu irin su Kazage ba.

Hajiya Muslimat, mun san zauren gadon marayu ne, ba mu da iko a kai. Roƙo muka kawo a bar mana shi mu ci gaba da koyarwa, kuma da safiyar nan kin amsa mana. Kin ce, "Ku share shi kawai, Malam ba ya son ƙura." Patience, wadda yanzu take yi wa wata jami'ar waje aiki ta intanet daga Kaduna, ta ɗauki koyarwar ranar Asabar. Sauran ranakun nawa ne, iyakar ƙarfina. Asabar mai zuwa za a buɗe aji.

Mun gode muku da kuka taka hanyar nan duk da halin da take ciki. Allah Ya gafarta wa Malam Yusha'u, Ya yalwata kabarinsa, Ya raya zuriyarsa, Ya zaunar da dajinmu lafiya. Mu kuma da muka karɓi aikinsa, kada Allah Ya kama mu da sakaci. Amin.