Albasar da Na Kai Zanga-zanga

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barkanku da aiki. Ni ce Hajara, mai aikin jinya a unguwar Tottenham da ke Landan.

Ƙanena Sani yana cikin matasan da aka kama can ƙasarmu don sun fito kan tsadar abinci. Muka shirya zanga-zanga a nan Landan, wasu manyanmu suka ce mu yi shiru kada a taɓa mana takardun zama. Ni dai na cika jaka da albasa saboda barkonon tsohuwa, kamar yadda muke yi a gida. Har a jirgin ƙarƙashin ƙasa ana toshe hanci!

Muka isa, babu hayaƙi. Wata dattijuwar Baturiya 'yar ƙungiyar ƙwadago ta tambaye ni amfanin albasar. Da na gaya mata, sai ta miƙo mini lasifika.

Na ɗaga albasa sama na ce, "Ga garkuwar talakanmu! Barkonon da ake harba musu kuwa, daga ƙasashen da ke yi mana wa'azin dimokuraɗiyya ake sayo shi." Wallahi wuri ya ɗauka! Ƙungiyarsu ta haɗa mu da lauyoyi, suka hana hukumomin ƙasarmu sakat. Jiya Sani ya kira ni daga tsakar gidanmu, Inna tana rangaɗa guɗa a bayansa.

A gaida mini Hajiya Memuna 'yar Gana, wadda za ta yi mana miyar walima da albasar nan ranar Asabar. Manyan da suka ce mu yi shiru ma su zo su ci.