Maratayin Bindigar Alhaji

Ina zaune a rumfar wani baduku kusa da Masallacin Koudoukou, ana gyara mini takalmi, sai wani ƙaton mutum ya tsaya.

"Malam, maratayin bindiga nake so. Ta gida ce, saboda ɓarayi."

"Mai faɗi zan yi maka, don kada ya ci kafaɗa. Matso in auna."

Ya zagaya masa igiyar awo daga kafaɗa zuwa ƙugu.

"Rage," in ji mutumin.

Ya rage.

"Ƙara ragewa."

"Alhaji, ko hannunka ba zai shiga ba. Ɓarawo zai tarar kana kokawa da maratayi."

"Kai dai rage. Kuma kada ka sa ƙarfe, yana kama mayafi."

Baduku ya ɗago kai. "Mayafi kake yafawa, Alhaji?"

Mutumin ya waiga, ya sassauta murya. "Matata Hadiyya ke riƙewa, 'yar mafarauta ce. Ni tocila nake haska mata. Don Allah kada maganar ta fita, a Kokoro ana ganin girmana."

Baduku ya naɗe igiyarsa.

"Ba za ta fita ba. In ba ta fi tawa matar tsawo ba, ai ina da awon."