Farin Ruwan Amarya

Lallen amarya bai gama gogewa ba. Tana zaune a tasha, tana jujjuya kwalbar maganin sanyi da wata mai talla ta miƙa mata. Matar da ke gefenta ta matso.

"Ƙanwata, me ke damunki?"

Amarya ta sunkuyar da kai. "Farin ruwa, Yaya. Ina tsoron kar ya hana ni haihuwa."

"Da ƙaiƙayi? Da wari? Ya canza kala?"

"Ko ɗaya."

Matar ta yi dariya. "Ai wannan jiki ne ke wanke kansa, kowace mace na yi. In kin ga waɗancan, asibiti za ki."

"Har ke kina yi?"

"Har mai maganin nan."

Mai talla ta zare kwalbarta daga hannun amarya, ta ɗauki kwandonta, ta wuce.